Abincin Iya Dotun

"Mama, tambaya ɗaya ce ta rage," in ji Madam Oyinkan, matar da ƙungiya ta turo, ta ɗan janye takunkumin bakinta don tsohuwar ta ji da kyau. "Kina da ɗa ko 'ya da ke kula da ke?"

Iya Dotun na zaune a kan benci a baranda, ta miƙe ƙafarta mai ciwo a kan bokitin da aka kife. Maƙwabciyarta Ramota tana tsakar gida tana shanya yadin adire da ta rina, hannayenta shuɗi har gwiwa. Tana jin tambayar ta dakata da shanyar, domin ba su kaɗai ba ne a wurin. Matar tela ta leƙo ta taga, mai sayar da gawayi ta bar buhunta ta matso, har mijin Ramota, Lasisi mai faci, ya tsaya da wankin baki. Gidan haya ne irin na tsohuwar Abeokuta, ɗaki na kallon ɗaki, in ka yi tari a naka daga na ƙarshe za a yi maka sannu.

Tsohuwar ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta dubi matar sama da ƙasa.

"Ke 'yar nan, ba ki ji sunan da ake kirana da shi ba? Iya Dotun ake cewa, ba Iya Iska ba. Oladotun nawa yana Legas, dillalin motoci ne. Ko jiya ya bugo. Ba ya barina in nemi ko allura."

Daga nan ta shiga yi masa kirarin gidan ubansa, muryarta na rawa amma ba ta ɓatar da ko suna ɗaya ba. Madam Oyinkan ta jira har ta kai ƙarshe. Ba muguwar mata ba ce, gajiya ce kawai a fuskarta, tun safe take shiga gida gida da tambayar nan. Ta juya wajen Ramota.

"Anti, ke ce ta kusa da ita. Haka ne?"

Ramota ta san gaskiya kamar yunwar cikinta. Rabon Dotun da garin tun Kirsimetin bara waccan. Yana bugo waya, wannan ba ƙarya ba ne, ya ce, "Mama, kin ci abinci?" ta ce ta ci, shi ke nan hira ta ƙare. Amma idanun tsohuwar na kanta, na matar tela ma haka. A wurinsu bakin uwa ba abin wasa ba ne. In ta furta a gaban jama'a cewa ɗanta ya yar da ita, maganar za ta bi shi har Legas ta tsaya masa a ƙofar arziki. Kuma yaro ba ya ƙaryata babba a tsakar gida, ko da babban ya ce rana daga yamma take fitowa.

"Haka ne," in ji Ramota.

Madam Oyinkan ta danna wani abu a wayarta, ta durƙusa ta yi sallama. Ta ce abincin zai ci gaba da zuwa har ƙarshen mako, daga nan sai haƙuri.

Abincin nan ya samo asali ne tun da korona ta kulle gari. 'Yan asalin garin da ke zaune a Ingila da Amurka suka haɗa kuɗi, aka ɗauki mata suna girki a harabar wata makaranta, 'yan acaba suna rarraba wa tsofaffi kullum da rana. An yi ta ɗaukar hotuna ana tura musu, su kuma suna ƙara turowa. To, da aka buɗe gari, hoton tsohuwa riƙe da robar shinkafa ya daina sa kowa kuka. Kuɗi ya ja baya. Kwamiti ya zauna ya yanke cewa a fara sallamar masu 'ya'ya, marasa kowa a lallaɓa da su har abin da ya rage ya ƙare. A takarda tsarin ya yi kyau. Wanda ya tsara shi dai bai taɓa tambayar wata uwa a gaban maƙwabtanta ba.

Shekara da shekaru Iya Dotun ta yi tana sayar da amala a bakin kasuwar Itoku, rabin unguwar da tuwonta suka girma, wasu har yau ba su biya ba. Ciwon suga ne ya cinye mata ƙafa ya zaunar da ita. Shi ya sa ba ranar da Gbenro, ɗan acaban da ke kawo mata abincin ƙungiya, zai tafi ba tare da ya sha faɗa ba.

"Wa ya kaɗa wannan ayoyon? Da tsintsiya aka kaɗa ko da ƙafa?"

"Mama, ni direba ne, ba kuku ba."

"Direban me? Wannan gwangwanin? Je ka gaya musu amala ba kunu ba ce."

Tana zagi tana ci, sai ta suɗe robar tas. Ranar ƙarshe ba ta yi faɗa ba. Ta karɓa, ta sa masa albarka, ta ce ya riƙa tuƙi a hankali. Gbenro ya tsaya yana jiran zagin bai samu ba, ya tayar da babur ɗinsa ya tafi jiki a sanyaye.

Washegari Ramota ta zuba teba da miyar wake a kwanonta mai murfi, ta kai ɗakin. Ita ma ba wani ƙarfi gare ta ba. Tun da aka hana biki ba mai sayen adire, faci kuma sai mota ta yi tafiya taya ke fashewa. Amma inda mutum biyu suka ci, na uku ba zai kwana da yunwa ba, haka ta lissafa.

"Mama, ga ɗan abin taɓawa."

"Amarya, kin wahalar da kanki."

Ramota ta haura shekara ashirin a gidan, amma a bakin Iya Dotun har yanzu amarya ce. Da la'asar kwanon ya dawo a wanke, da dunƙulen magi a ciki. Ramota ta yi murmushi, don ta san dokar. A gidan nan kwano ba ya komawa wayam, kuma Iya Dotun ce da kanta ta koya wa duk matar da aka kawo gidan. Ta sha faɗa musu cewa wadda ta mayar da kwanon mutane ba komai a ciki ta zama mabaraciya, ko da zinare ne a wuyanta.

Kwana biyu magi ya ƙare, sai kwanon ya dawo da ashana. Daga ashana sai cokula. Daga nan sai muciyar da ta yi shekaru tana tuƙa amala da ita, har hannunta ya yi santsi ya lotsa. Wata rana da Ramota ta fito, ta tarar da babbar tukunyar ƙarfe a ƙofarta, kwanon a ciki. Yadda tsohuwa mai ƙafa ɗaya ta jawo ta har nan, Allah kaɗai ya sani.

Ta shiga ɗakin ta durƙusa.

"Mama, don Allah ki daina. Ni 'yarki ce. Wa zai ji, wa zai gani?"

"Ni zan gani."

"To ai na ƙungiya kin yi watanni kina ci, ba ki mayar musu da komai ba."

"Wannan roba ce, Amarya. A ci a yar. Ba ta da fuska, ba ta gaishe ni da safe. Ke kuwa kullum zan buɗe ƙofa in gan ki."

Ramota ta fito ranta a jagule. Haushin tsohuwar take ji, tana kuma jin tausayinta, ta rasa wanne ya fi. Lasisi ya ce ta rabu da ita, in yunwa ta ciwo ta za ta sauko da kanta. Maza dai haka suke, suna ɗauka kowa cikinsa ne ubangidansa.

Ɗakin ya yi ta raguwa. Rediyo ya tafi wurin matar tela, wadda ita ma ta taɓa aiko da alale. Kujera ta tafi, labule ya tafi. Da ya rage daga tabarma sai katifa da Littafi Mai Tsarki da wata tsohuwar akwati, sai kwanon Ramota ya fara dawowa yadda ya tafi, ko murfin ba a ɗaga ba.

"Na ci," in ji Iya Dotun. "Dotun ya aiko, na sa an sayo min agidi."

Ba wanda ya ga ɗan aike, ba wanda ya ga ganyen agidi a shara. Abin da Ramota ke gani shi ne tsohuwar na haɗiyar ƙwayoyin suga da ruwa zalla, sannan ta jingina da bango gumi na keto mata.

Da abin ya ishi Ramota, ta karɓi lambar Dotun a wurin wani ɗan cocin tsohuwar, ta fita bakin titi ta kira.

"A'a, Anti Ramota! Ya gida? Ya Baba Lasisi?"

"Dotun, mahaifiyarka ba ta cin abinci. Ƙungiya ta daina kawowa."

"Haba Anti, ko shekaranjiya ta ce min har da nama suke sa mata. Kin san Mama da tsiya, wataƙila miyar ce ba ta yi mata ba." Aka yi ta hon a bayansa. "Kasuwa ta mutu wallahi, ko mota ɗaya ban sayar ba. Amma bari wata ya ƙare, zan yi wani abu."

Abin da ya yi shi ne ya bugo wa uwarsa ya tambaye ta. Ranar duk gidan sai da ya ji muryar Iya Dotun, muryar da ake zaton ta ƙare.

"Ramota! Ni za ki kai ƙara wurin ɗana? Yaro na can yana fama da ransa, ki ɗora masa ni? Na ce miki ina jin yunwa? Na roƙe ki?"

Tun da aka kawo Ramota gidan, ranar ce ta fara jin sunanta tsirara a bakin tsohuwar, kuma ya yi mata zafi fiye da zagin. Iya Dotun ta rufe ƙofa, ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwar kowa. Da safe Ramota kan tsaya a bakin ƙofar ta kasa kunne, sai ta ji tari sannan ta tafi wurin rini.

Dabara ta zo mata ne ranar da ta ga Gbenro a mahaɗar Itoku yana jiran fasinja. Ya gaya mata an rufe girkin gaba ɗaya, har marasa 'ya'yan ma an sallame su, an sayar da tukwanen an biya matan da suka yi aiki. Ta sayi irin farar robar nan, ta koma gida ta tuƙa amala a ɓoye a bayan ɗaki, ta yi ayoyo da ɗan kifi. Ta zuba a robar ta ba Gbenro, ya zagayo ta titi da hon da hayaniya kamar da.

"Mama! Mama Itoku! An dawo da abinci! Mutanenmu na Turai sun sake turo kuɗi!"

Aka daɗe kafin sakata ta motsa. Ramota na leƙe daga wurin shanya, abin da ta gani ya sa ta dafe igiya. Tsohuwar ta zama rabin kanta, zanen ya zagaye ta kusan sau biyu. Ta karɓi robar, ta zauna a dokin ƙofa, ta wanke hannu. Ta gutsuri loma, ta dangwali miya, ta kai baki. Ta tauna a hankali. Sannan ta ɗaga kai, ba wajen Gbenro ba, wajen igiyar shanya.

"Amarya, har yau ba ki daina cika kanwa a ayoyo ba."

Gbenro ya sunkuyar da kai ya hau dube-duben tayarsa. Ramota ta zo ta zube a gabanta, kuka ya ƙwace mata.

"Mama, ki ci. Ki zage ni, ki tsine min, amma ki ci."

Iya Dotun ta waiwaya ta dubi ɗakinta, daga wannan bango zuwa wancan. Ta ce wa Gbenro ya jawo mata akwatin. Ta buɗe, ƙamshin kafur ya tashi, ta fito da wani saƙi ruwan ƙasa mai ratsin fari, zane da mayafi da ɗankwali, a ninke tsaf. Duk gidan an san shi. Shi ta tanada tun tana da ƙarfi, don a sa mata ranar da za a kwantar da ita a akwatin gawa.

"Karɓi."

"Allah ya tsare ni! Kayan tafiyarki ne, Mama."

"In ba ki karɓa ba, ba na ci. Ya biya abincin mako guda."

"Mako guda? Wannan saƙin? Ai ya ci na shekara."

"Ni za ki koya wa farashi? Asu ya taɓa gefensa. Mako biyu."

"Wata shida."

"Ji ɓarauniya, kanta take yi wa sata. Zuwa ƙarshen wata, lokacin Dotun ya aiko. Ba na ƙara ko kwana."

Haka suka yi ciniki a dokin ƙofa, mai saye na ƙara kuɗi, mai sayarwa na ragewa, Gbenro na tsaye ya rasa dariya zai yi ko kuka. Ramota ta karɓi saƙin da hannu biyu. Tsohuwar ta jawo robar ta ci gaba da ci, amma loma kaɗan ta yi ta ce ƙirjinta ya cika.

Daga ranar ba ta sake mayar da kwano ba, sai dai cikin ne ya riga ya rufe. Abin da ta ci duk sai ya dawo. Ramota ta koma yi mata koko mai ruwa-ruwa tana ba ta da cokali. Ƙafar ta kumbura ta fara wari. Mai kemis ya zo ya duba ya ce sai asibiti, Iya Dotun ta ce ba inda za ta, tana jiran ɗanta. Wani lokaci hankalinta kan koma Itoku, ta riƙa kiran 'yan aikin da suka daɗe da watsewa, tana cewa a ƙara wa mai jar hula nama, kar a karɓi kuɗinsa, matarsa ta haihu.

Wata safiya, ana saura 'yan kwanaki wata ya ƙare, Ramota ta shiga da koko ta same ta a zaune ta jingina da bango, ɗankwalinta a ɗaure daidai, hannayenta a kan cinya. Ta gaishe ta, ta sake gaishe ta. Sannan ta ajiye kofin a ƙasa ta taɓa wuyanta. Ba ta yi ihu ba. Ta koma ɗakinta ta ɗauko saƙin ta mayar cikin akwatin, ta rufe, sannan ta fito tsakar gida ta ɗora hannu a ka.

Dotun ya iso kafin azahar, tafiyar da ta gagare shi kusan shekara biyu. Ya yi kuka na gaske, ya yi birgima a baranda har sai da maza suka riƙe shi. Ramota ta buɗe baki sau ɗaya, ta tuna yadda tsohuwar ta yi masa kirari a kan bencin nan, ta rufe. Aka kai gawar ɗakin sanyi na asibiti, dangi suka zauna suka sa ranar jana'iza nan da wasu makonni, don wadda ta kai shekarunta ba a binne ta a gaggauce kamar kaza.

Sai ga kuɗi ya fito ta ko'ina. Abokan Dotun dillalai suka haɗa nasu, ƙungiyar matan coci ta kawo nata, dangin da ba a taɓa ganin ƙeyarsu ba suka zo da ambulan. Aka yi wa ɗakin fenti. Aka kama makaɗa, aka kama masu girki. Ramota aka ba kwangilar rinin ankon, aikin da ba ta samu irinsa ba tun kafin korona. Ta karɓa, don gida na bukata, amma duk yadin da ta tsoma a baba sai ta ji kamar ita ake matsewa.

Ana saura mako guda wata mota ta tsaya a ƙofar gida, aka sauko da saniya fara, ƙatuwa, mai tozo. Aka ɗaure ta a ginshiƙin baranda, daidai ƙofar ɗakin marigayiya. Aka sauke buhun dusa da damin ciyawa. Unguwa ta fito kallo, ana cewa lallai Iya Dotun ta haifi ɗa.

Kafin ya koma Legas ɗauko sauran kaya, Dotun ya zo ya rusuna a gaban Ramota, idanunsa har yanzu jajaye.

"Anti, ke kaɗai na yarda da ke a gidan nan. Don Allah ki kula min da ita. Safe, rana, yamma, kar a tsallake ko ɗaya. Ba na so ta rame kafin ranar, mutane su ce ban yi wa Mama abin da ya dace ba. In dusar ta ƙare ki bugo min kawai, a take zan turo."

Ramota ta dube shi har ya fara tsarguwa. Ta ce, "To."

Da motar ta tafi, ta kwance bakin buhun, ta zuba dusa a baho, ta kwaɓa da ruwa, ta kai ta ajiye. Saniyar ta sunkuyar da kai ta hau ci, tana huci, tana kaɗa ƙuda da wutsiya. Ramota ta zauna a ƙasan baranda da shuɗayen hannayenta a kan gwiwa, tana kallo har dabbar ta cinye, ta lashe bahon, ta ɗago kai tana neman ƙari.